Abin da zumuntar mata ta tsayar a Garwa

Bayan sujada ranar Lahadi muka zauna kan yaran ƙauye da ake kwasa aikatau zuwa Yawunde da Duwala. Shawarar da ta fi nauyi ita ce baiko ya fara daga gida. Yarinyar da ke miki wanke-wanke, ki biya ta a hannunta, ki sa ta makaranta. In wata "inna" ce ke zuwa karɓar kuɗin duk wata, to da sake.

Wata dattijuwa ta tuna mana da Bakhita, waliyyiya 'yar Darfur da aka sayar baiwa tana ƙarama, wadda Katolika ke tunawa ranar 8 ga Fabrairu.

Dillalin da ke kwasar yaran kuwa a kai shi wurin jandarma, dokar Kamaru ta 2011 ta haramta fataucin mutane. Taimakon karatun yaran ma, ni dai gara a biya makarantar kai tsaye.