Iri ɗaya muka shuka, amma kaka ba ta zo mana ɗaya ba

Manomi daga Gumel:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Duk wanda ya taɓa shuka iri ɗaya a gona biyu, ko shi da maƙwabcinsa, amfanin ya fito daban, don Allah ya faɗa mana abin da ya gani da idonsa. Bara Sosat muka samo, geron nan da cibiyar binciken Tafkin Chadi ta Maiduguri ta fitar, muka raba ni da ƙanena. Gonarsa tana bakin gari, shekara da shekaru ana zuba mata toka da kashin awaki. Tawa jigawa ce can nesa, sai ɗan kamfa da na watsa. Ruwa ɗaya muka bi muka shuka. Tasa zangarniyar ta fito gajera mai kauri, ƙwaya a cushe har baki. Tawa rabin kan ne ya cika, sama duk ƙaiƙayi. Har yau ana gardama a majalisarmu, wasu na cewa irin ne ba shi da kyau.

Manomi daga Maraɗi:
Wa alaikumus salam Malam. Ni ban ga laifin irin ba. Mu nan irin geron da ake kira HKP muke shukawa da zango, kuma a cikin gona guda ma hatsi ba ya zama ɗaya. Je ka duba gindin gawo. Gawo da damina yake zubar da ganye, ba ya tare rana, da rani kuma dabbobi a inuwarsa suke wuni suna kashi. Hatsin wurin kore shar, kai mai nauyi. Ka matsa kaɗan zuwa tudu sai ka tarar da kara siriri, ganye ya yi rawaya. In takin zamani kaɗan gare ka, kada ka watsa shi a yashi. Ɗan tsunkule a gefen kowane rami lokacin shuka ya fi amfani.

Mai fura daga Daura:
Ku maza buhu kuke ƙirgawa, mu kuwa a turmi muke gane gero. Wanda ƙwayarsa ba ta cika ba, kina surfe rabi ya tafi a dusa, ki bakace ki ga kwanon ya rage. Abin da ya fi damuna da irin nan mai saurin nuna, ana yanke shi ruwa bai ɗauke ba. In aka jibge shi a ƙasa ruwa ya taɓa shi, sai ya yi duhu, ya ɗauki warin ruma, furar ta fito ba haske, masu saye su yi ta tambaya. Wanda aka shanya bisa rumfa ya bushe sarai kuwa, Sosat ɗin ma furarsa lafiya lau. Baban Gumel, ku riƙa kula da shanya don Allah.

Manomin rani daga Kura:
Hajiya ta faɗi gaskiya. Ni a alkama na fi ganin wannan abu, don ita ba ta yafe jinkiri. A Kadawa iri ɗaya muka karɓa ni da wanda muke haɗa iyaka, ruwanmu ɗaya daga madatsar ruwa ta Tiga, taki ma kusan ɗaya. Shi filinsa babu komai, ya shuka a tsakiyar Nuwamba. Ni shinkafar damina ce ta riƙe mini fili, kafin a yanke, a kwashe, a gyara ƙasa, Janairu ya kama. Da farko babu mai cewa akwai bambanci, har tawa ta fi kyan ganye. Amma alkama sanyin hunturu take so tun tana yin 'ya'ya har ta ɗauki ƙwaya. Tasa ta cika tana cikin sanyi. Tawa tana madara zafin Maris ya sauko, sai ta yi saurin bushewa ba ta gama cika ba. Da aka casa, tasa ƙwaya mulmul, tawa a tsamure da tsaga mai zurfi a ciki. Buhu ya cika a ido, a sikeli ba nauyi. Masu yin gurasa da alkaki da taliyar murji suna ɗiban ta a hannu sai su mayar, sun san garinta ba zai yi auki ba. Shi ya sa malaman gona ke nanata a shuka daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba. Wanda ke son alkama da rani, tun damina zai zaɓi shinkafa mai saurin nuna kamar Faro 44, ya samu fili da wuri.

Ɗan kasuwa daga Dawanau:
Alhaji, abin da ka faɗa shi muke gani kullum. Ban tambayi sunan iri ba sai na zura hannu cikin buhu, na ciji ƙwaya. In ta ce ƙas, ta bushe. Shinkafa ma haka take. Faro 44 guda, wani ya yanke a kan kari, wani ya bar ta a gona rana ta gasa ta, raɓa ta jiƙa ta da dare. Ta biyun ta riga ta tsage a cikin ɓawo, tana shiga inji sai ta fito gutsi-gutsi, kuɗinta ya faɗi.

Manomi daga Saminaka:
A masara akwai inda irin ne da kansa. Maƙwabcina ya ga Oba Super ta yi kyau, sai ya ware daga rumbunsa ya sake shukawa. Gonar ta fito wani dogo wani gajere, wani goyo biyu wani ko ɗaya babu. Irin aure ba a maimaita shi, kowace shekara sabo ake saye. Wanda ake iya ajiyewa shi ne kamar Sammaz 15 na cibiyar binciken noma ta Samaru, shi ma a zaɓo daga tsakiyar gona. Sai lokacin yuriya: in ta wuce masara ta riga ta fitar da bununi, kara ka ciyar. Ga tsutsar nan da ta shigo mana tun 2016, in ba a leƙa cikin kunnen masara da wuri ba, ta gama ɓarna kafin a farga. Gonar da ƙuduji ya kama kuwa, mu waken suya muke sa mata shekara ɗaya kafin mu dawo da masara.

Manomi daga Dikwa:
Yayyena, ku zo ku ga masakwa, dawar nan ta rani. Sai damina ta ƙare muke dasa ta a firgi, baƙar laka mai riƙe ruwa, ba ban-ruwa, ba ruwan sama, a girbe cikin sanyi. Inda ruwa ya kwanta sosai da damina, kai yakan fito babba, ƙwaya ƙosasshiya. Gefen da ruwan bai zauna ba, dashe ɗaya ne amma kan ba ya wuce tafin hannu. Shi ya sa muke ɗaga kunya kewaye da fili tun kafin ruwa, don ya tsaya ya ratsa ƙasa. Wani baƙo ya taɓa ɗaukar irinmu ya kai gonar yashi, ko kai bai fitar ba.