Kwantena, rumbu ko mazubi? Neman sunan wurin zuba bayanai a na'urar bakof

Assalamu alaikum 'yan uwa masu harkar kwamfuta, da malamanmu na harshe. Kwana uku ke nan kalma ɗaya ta tsaya mini a maƙogwaro, na ga gara in kawo ta gabanku kafin in yi wa Hausa ɓarna ni kaɗai.

Ɗan jagora nake rubuta wa sababbin ma'aikata kan na'urar da ake ajiye kwafin ko-ta-kwana, wadda a bakin aiki muke ce wa na'urar bakof. Ga wanda bai taɓa ganinta ba, akwatin ƙarfe ne cike da fayafan ajiya, kuma aikinta ɗaya ne: kowane dare manhajar bakof ta kwaso bayanan sauran kwamfutoci ta zuba mata, don ranar da wani abu ya lalace a dawo da shi. Amma ba tsibi guda ake tarawa ba. Mai kula da na'urar yakan buɗe wurare daban-daban a cikinta, kowanne da sunansa, wannan na sashen kuɗi, wannan na imel, wancan na fayilolin ma'aikata. Kowane wuri da hanyar da ake shigarsa, ko NFS ko CIFS ko OST (ƙa'idoji ne da kwamfutoci ke bi wajen aika masa bayanai), da jerin kwamfutocin da aka ba izinin taɓa shi. Wannan wurin ne Turawa suka kira container. Haka Dell ya sa masa suna a na'urorinsa na DR da suka fara fitowa a 2012, haka ma Microsoft a ma'ajiyar Azure. Amazon kuwa, tun da ya buɗe ma'ajiyarsa ta S3 a 2006, bokiti yake ce wa irinsa, a wata na'urar bakof mai suna Data Domain kuma ana ce masa MTree. Su kansu masu abin bakinsu bai zo ɗaya ba, don haka babu mai ɗaure mu idan muka nemi namu.

Na san abin da za a fara ce mini: a bar shi kwantena mana, ai kalmar ta riga ta zama 'yar gida. Gaskiya ne ta zama. Matsalar ita ce ta zo da hotonta. Ka ce wa Bahaushe kwantena, abin da zai gani shi ne ƙaton ƙarfen nan mai ƙafa 20 ko 40 da ake ɗorawa a jirgin ruwa ko tirela, irin wanda Malcom McLean ya fara lodin jirgi da shi a Amurka a 1956. Girmansa sananne, bangonsa huɗu, abin da ke ciki ba ya haɗuwa da na maƙwabcinsa. Ga kuma masu amfani da manhajar Docker, tun 2013 sun kama kalmar sun yayata ta da wata ma'ana, ta manhajar da aka ƙunshe da duk kayan aikinta. In muka ƙara ta uku, yaron da ya fara aiki jiya ba zai san wacce ake nufi ba.

To, bismillah, ina sauraro.

Na dawo bayan na karanta amsoshinku. Na gode, sun yi yawa fiye da yadda na zata. Bari in bi waɗanda aka fi maimaitawa.

Rumbu shi ya fi samun ƙuri'a, kuma ni ma shi na fara rubutawa kafin in goge. Ƙorafina shi ne an riga an yi masa aure. Kafafen labarai sun daɗe suna cewa rumbun adana bayanai, wani lokaci suna nufin tarin bayanan hukuma, wani lokaci ginin da ake jibge manyan kwamfutoci. In ma za a ba wani abu sunan rumbu a nan, na'urar ce gaba ɗayanta ta cancanta, ba ɗan sashen cikinta ba. Taska ma haka, ta fi dacewa da abin da aka ajiye don tarihi, ba wanda ake zubawa yau a share bayan wata guda ba. Jaka kuwa wasu masu fassara sun riga sun ba wa folda. Akwati, sito da aljihu duk ciwonsu ɗaya da na kwantena, kuma a kan wannan ciwon nake so in ɗan daɗe, don shi ne ainihin maganar.

Irin wannan na'ura ba ta ajiye abu ɗaya sau biyu. Bayanai na shigowa sai ta yayyanka su gutsattsari ƙanana, a Data Domain matsakaicinsu kamar kilobayit 8 ne, ta lissafa wa kowane gutsure wata lambar shaida. In ta duba ta ga tana da mai irin wannan lambar, ba za ta sake rubuta shi ba, alama kawai za ta sa cewa ga inda na farkon yake. Kuma ba ruwanta da ko ta wace ƙofa gutsuren ya shigo. A ce takarda ɗaya tana sashen kuɗi, an kuma tura ta ta imel ga mutum goma: a idon mai dubawa tana wurare biyu har sau goma sha ɗaya, a kan faifai kuwa guda ɗaya ce tal. Wato waɗannan wuraren da muke nema wa suna ba su da bango a ƙasa. Suna ne, da ƙofa, da izini, da lissafin abin da aka zuba ta nan.

Ni da kaina na sha wannan darasin da zafinsa. A wani wurin da na taɓa aiki na'ura ta kusa cika, jan gargaɗi ya fito, shugabana na tsaye a kaina. Na duba na ga wani tsohon wuri da aka daina amfani da shi, allo na nuna terabayit 4 a cikinsa. Na ce shi ke nan, an samu mafita, na goge shi har ina murmushi. Na sabunta shafi, fili bai ƙaru da komai ba. Na sake sabuntawa, shiru. Ashe abu biyu ne ban sani ba. Na farko, gogewa alamomi kawai take cirewa, sai wani aiki da ake kira mai shara ya bi baya ya tattara gutsattsarin da babu mai nuna su kuma, shi kuma da lokacinsa (a Data Domain, in ba a canza ba, sau ɗaya ne a mako, ranar Talata da safe). Na biyu, da sharar ta gama, ɗan abin da ya dawo bai kai rabin terabayit ba, domin yawancin gutsattsarin nan sauran wurare na amfani da su. Hoton kwantena ne a kaina ya yaudare ni: na ɗauka in ka sauke ta daga jirgi, gurbinta zai bayyana nan take.

Shi ya sa na karkata ga kalmar da wata 'yar uwa ta jefo a taƙaice ba tare da ko bayani ba: mazubi. Allah ya saka miki, Malama. Daga zuba aka gina shi, kamar yadda aka gina makulli da mabuɗi, don haka hankalin mai ji yana tafiya ga aikin, wato inda ake zubawa, ba ga faɗi ko tsawo ba. Ba shi da wani girma da aka san shi da shi. Jam'insa a shirye yake, mazubai. Kuma, abin da ya fi burge ni, ya zo da fi'ilinsa: mu dama a wurin aiki cewa muke yi "bakof ɗin jiya ina ya zuba?"

Wani dattijo a cikinmu, wanda na ga alama malamin Hausa ne, ya ja kunnena cewa ai mazubi ma bango gare shi, in ba haka ba da me zai riƙe abin da aka zuba? Allah ya gafarta Malam, wannan gaskiya ce, ban musa ba. Duk kalmar da muka ɗauko daga abin da hannu ke taɓawa za ta zo da ɗan jikinta. Abin da nake cewa kawai, bangon mazubi ba shi ne abin da ake fara gani ba, bakinsa ake gani. Kuma a na'urorin da ke ba da damar ƙayyade wa kowane wuri iyakar abin da zai ɗauka, bangon ma ya samu wurin zama: sai mu ce an sa wa mazubin iyaka.

Na gwada shi a jimlolin da jagoran ke buƙata, don kalma ba ta nuna halinta sai an sa ta aiki. Buɗe sabon mazubi ka ba shi suna. Zaɓi hanyar shiga mazubin tun farko, da lura, don ba kowace hanya ake iya sauyawa daga baya ba. Kada ka goge mazubi sai ka cire shi daga manhajar bakof, in ba haka ba da dare za ta zo zubawa ta tarar babu wuri. Duk sun zauna lafiya a baki. Inda na ɗan yi tuntuɓe shi ne wajen kwafa zuwa na'ura ta biyu da ke wani gini, domin a nan mazubai biyu ake haɗawa, ɗaya na aikawa, ɗaya na karɓa, kuma na karɓar dubawa kawai ake yi, ba a rubuta masa komai kai tsaye. Mazubin da ba a zuba masa, ka ji wani abu. Amma ai ana zuba masa, ɗan uwansa ne kaɗai ke da wannan izinin. Na sa musu mazubin tushe da mazubin karɓa.

Ga wanda ya tambaya ko Docker ma za mu mayar da nasa mazubi: a'a ɗan uwa, a bar musu kwantenarsu, can kam ta dace, abu ne da aka ƙunshe aka rufe ake ɗauka daga wannan kwamfuta zuwa waccan. Babi na uku na jagoran yanzu sunansa "Kula da mazubai". Saura mai shara, wanda wani ya ce bai yi kama da sunan manhaja ba. Ni dai na bar shi a haka sai an kawo wanda ya fi shi.