Neman kalma: wane suna za mu ba helikwaftan da aka ƙera don kai farmaki?

Tafinta:
Assalamu alaikum, malamai da abokan aiki. Ina da shiri na minti goma sha biyar da za a naɗa gobe da ƙarfe tara na safe, a kan yadda manyan ƙasashe ke sabunta jiragen yaƙinsu masu saukar ungulu da kuma yadda rundunoni ke rabon su a tsakaninsu. Rubutun da aka ba ni ya tsaya ne a kan jirgin Apache na Amurka, wanda ya fara tashi a 1975, ya shiga aiki a rundunar sojin ƙasa a 1986, kuma har yau ana ta sake masa inji da na'urori maimakon a jingine shi. Matsalata ita ce abin da Turawa ke kira "attack helicopter". Na rubuta "jirgi mai saukar ungulu mai kai hari", sai na ƙirga na ga ya fito sau goma sha bakwai a shafi huɗu, kuma da na gwada karantawa da agogo a hannu, a jimloli da dama numfashina kan ƙare kafin in kai ga aikatau. Ina neman suna gajere da zai bambanta shi da na ɗaukar sojoji. Ina kuma neman kalmar da ta dace da aikin sabuntawar da ake yi masa, da sunan da za a kira rundunar Marin ta Amurka, wadda ita ma tana da nata jiragen.

Edita Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam. Malam Tafinta, ka ce "helikwaftan kai farmaki" ka wuce wurin. "Jirgi mai saukar ungulu" gaɓa takwas ne tun kafin ka ƙara masa komai, "helikwafta" kuwa gaɓa huɗu ne, kuma babu mai sauraron da zai ji shi ya tsaya tambaya. Na zaɓi "farmaki" a kan "hari" domin a labaran yau kunnen mutane ya saba jin "hari" tare da 'yan bindiga da masu tayar da bam, alhali "farmaki" ya fi karkata ga runduna mai tsari da ta afka wa abokan gaba. Ka kawo cikakken sunan sau ɗaya a farkon shirin, daga nan ka ci gaba da gajeren.

Tsohon Makaniken Jirgi:
Ina goyon bayan Edita, amma ina roƙon a kula da wani bambanci da 'yan jarida suka cika tsallakewa. Ba kowane helikwafta da aka ɗaura wa bindiga ne na kai farmaki ba. Akwai na sufuri da ake girke bindiga a bakin ƙofarsa don kare kai, akwai kuma wanda tun daga zanensa ba a yi shi don ɗaukar kowa ba. Apache mutum biyu kawai yake ɗauka, ɗaya a bayan ɗaya: maharbi a gaba, matuƙi a baya a kujera mai ɗan tudu, jikin jirgin kuma siriri ne don ya yi wuyar samu idan an harbo shi daga gaba. A ƙarƙashinsa akwai bindiga mai harsashi na milimita 30 wadda ake iya haɗa ta da hular kwanon da ke kan matuƙin, duk inda ya juya kansa ita ma ta juya. A fikafikansa gajeru ake rataye makamai masu linzami na Hellfire da rokoki. Wanda ya rikita lissafin shi ne Mi-24 na Rasha da ƙanensa Mi-35, wanda sojin samanmu suka daɗe suna aiki da shi, domin shi yana kai farmaki kuma yana da ɗaki a ciki da zai ɗauki sojoji takwas. Saboda haka idan ka ce "helikwaftan yaƙi" ka haɗa su duka, idan ka ce "na kai farmaki" ka ware.

Malamin Nahawu:
Da izininku, ni ban gamsu da ko ɗaya daga cikin biyun ba. "Helikwafta" aro ne da aka yi cikin gaggawa, kuma har yau ba mu daidaita jinsinsa ba: wani ya rubuta "helikwaftan soji", wani ya rubuta "helikwaftar soji", domin kalmar ta ƙare da wasalin da ya saba zuwa da tamata, amma "jirgi" da ke ɓoye a bayanta namiji ne. Ita kuwa "saukar ungulu", duk da cewa ƙirƙira ce mai kyau daga magabatanmu a wannan sana'a, sauka kawai ta siffanta, kuma ta jingina jirgin ga tsuntsuwar da ba ta farauta, sai dai ta jira mushe. Ta yaya za a kira makamin da ake kai farmaki da shi da sunan mai cin mushe? Shawarata ita ce "shirwar yaƙi". Duk wanda ya taso a gidan da ake kiwon kaji ya san yadda shirwa ke shawagi a sama tana nazarin tsakar gida, sannan ta sauko ta fauce ɗan tsako kafin uwar ta ankara. Gaɓa huɗu ce, Hausa ce tsantsa, jinsinta a fili yake, kuma na shekara biyu ina koyar da ita ga ɗalibaina.

Tsohon Makaniken Jirgi:
Allah ya gafarta Malam, hoton ya yi kyau, sai dai ba haka wannan jirgi yake farauta ba. Abin da ka siffanta, wato shawagi daga nesa da sulmiyowa da gudu, ya fi kama da jirgin yaƙi mai fikafikai. Fasahar Apache ita ce laɓewa. A saman farfelarsa akwai wata na'urar rada mai siffar ƙwarya a kife, ana kiranta Longbow, kuma an ɗora ta can ne domin jirgin ya tsaya cak a iska a bayan tudu ko bishiyoyi, ita kaɗai ta leƙo ta ƙirga tankokin abokan gaba, sannan ya ɗan ɗago ya harba ya koma. Shirwa ba ta kwanton ɓauna. Kuma idan muka fara raba sunayen tsuntsaye, me za mu ce ranar da labari ya zo da Black Hawk, wanda mai fassara zai iya ɗauka shaho ne, alhali na sufuri ne, kuma sunan wani jagoran 'yan asalin Amurka aka ba shi? Al'adar sojin ƙasan Amurka ke nan wajen sa wa helikwaftoci suna, Apache da Chinook da Kiowa duk sunayen ƙabilu ne.

Malamin Nahawu:
Malam Makanike, ba dole ne suna ya zama bayanin injiniya ba. Jirgin ƙasa ba ya iyo, amma mun ara masa sunan jirgin ruwa kuma ya zauna daram. Abin da ke damuna shi ne saurin miƙa wuya da ma'aikatan rediyo ke yi ga duk kalmar da ta zo daga Turanci, su maƙala mata wasali a ƙarshe su ce an Hausantar. Da haka harshe yake zama kwandon shara.

Edita Mai Ritaya:
Malam, wannan magana ta yi nauyi. "Soja" ma aro ne daga Turanci, "bindiga" da "harsashi" daga Larabci muka samo su, kuma ban ji wanda ya ce sun ƙazantar da harshe ba. Shekara talatin na yi a ɗakin labarai, na ga kalmomi da yawa da aka ƙirƙira a tarukan ƙara wa juna sani, aka tafa, aka ci abinci, aka watse, kuma ba su taɓa fita daga cikin takardar ba. "Makami mai linzami" da "jirgi maras matuƙi" sun rayu ne domin mai sayar da goro ya ji su ya gane ba tare da an yi masa darasi ba. Idan Tafinta ya ce Najeriya ta sayi shirwar yaƙi, gobe za a kira tashar ana tambaya ko tsuntsaye gwamnati ta fara horarwa.

Bamaraɗiya:
Ina bin muhawarar tun farko, kuma ina so in tuna wa malamai cewa ba a iyakar Jibiya masu sauraro suka ƙare ba. Mu a nan ta bakin Faransanci kalmar ta iso mana, inda ba a furta harafin farko, saboda haka "helikwafta" ba ta zauna a kunnenmu yadda ta zauna a naku ba, balle "shalkwafta" da nake gani a wasu jaridunku. "Jirgi mai saukar ungulu" kuwa, ko "angulu" kamar yadda wasu ke faɗa, kowa ya san shi daga Damagaram har Zariya. Abin da ke ba ni haushi shi ne kullum a Kano da Kaduna ake yanke hukunci, mu sai dai mu ji a rediyo. Game da rena ungulu kuma, Malam, ai Bahaushe da kansa ya shaide ta da cewa ba ta jewar banza.

Malamin Nahawu:
Hajiya, jewarta a kan mushe ce, maganata ke nan tun farko.

Tafinta:
Ina roƙon afuwa, malamai, dare yana yi kuma tambayoyina biyu suna nan ba a taɓa su ba. Rubutun yana bayanin cewa samfurin Apache mai suna AH-64E ya samu injuna masu ƙarfi, da sababbin ruwan farfela, da na'urar da ke ba matuƙinsa damar karɓar hoto daga jirgi maras matuƙi har ma ya sarrafa shi. Ya kuma ce a watan Fabrairun 2024 sojin ƙasan Amurka sun soke shirin ƙera sabon helikwaftan leƙen asiri da farmaki, suna kafa hujja da darasin yaƙin Yukren, inda jirage marasa matuƙa masu araha suka sauya lissafi. Shin "zamanantarwa" zan ce, ko "kwaskwarima", ko "garambawul"?

Tsohon Makaniken Jirgi:
Kada ka kusanci "kwaskwarima", domin ita fenti ce da gyaran fuska. Da yawa daga cikin waɗannan jirage tsofaffin samfura ne da aka mayar masana'anta, aka wargaza su, aka sake gina su da sababbin kaya, kuma wannan shi ne "garambawul" a bakin kowane makanike. "Zamanantarwa" ka bar ta ga shirin gaba ɗaya, wato idan kana maganar manufar runduna. A kan rabon rundunoni kuma, ka yi hattara kada ka ce "sojin sama" don kawai abin yana tashi. A Amurka rundunar sojin sama ba ta da Apache ko ɗaya. An daɗe ana ja-in-ja tsakanin sojin sama da sojin ƙasa, har a 1966 hafsoshinsu, Janar Johnson da Janar McConnell, suka yi yarjejeniya: sojin ƙasa suka saki wasu jiragensu na sufuri masu fikafikai, sojin sama kuma suka janye daga neman iko da helikwaftocin da ke tallafa wa dakarun ƙasa da wuta. A Birtaniya ma sashen jirage na sojin ƙasa ne ke tuƙa Apache. Indiya kuwa ta raba gardamar gida biyu, sojin sama suka samu 22, daga baya aka yi wa sojin ƙasa odar 6. Mu a Najeriya, helikwaftocin kai farmaki samfurin T129 da aka sayo daga Turkiyya suna hannun sojin sama ne, ko da yake sojin ƙasa ma sun fara gina nasu sashen jiragen.

Edita Mai Ritaya:
Wannan ya kawo mu ga rundunar Marin, kuma a nan ni ma ba ni da amsa mai gamsarwa. Su ne ke tuƙa helikwaftan kai farmaki samfurin AH-1Z Viper, jikan Cobra da ya fara yaƙi a Biyetnam a 1967, kuma irin Viper ɗin ne guda 12 da Amurka ta amince a sayar wa Najeriya a watan Afrilun 2022, don haka sunan zai riƙa dawowa a labaranmu. An saba cewa "sojojin kundumbala", amma wannan ya fi dacewa da ƙananan rukunonin dakaru na musamman. Idan ka ce "sojin ruwa" kuma ka haɗe su da wata runduna dabam, duk da cewa ma'aikata ɗaya ce ke kula da su biyun. Aikinsu shi ne a kawo su ta teku su sauka su yi yaƙi a tudu, shi ya sa helikwaftansu yake tashi daga kan jirgin ruwa.

Malamin Nahawu:
To a kira su "sojojin kada" mana, tunda kada yana ruwa yana tudu. Amma na san abin da za a ce mini.

Tafinta:
Na gode ƙwarai, malamai. Ga abin da na rubuta yanzu. A buɗe shirin zan ce "jirgi mai saukar ungulu na kai farmaki, wato helikwaftan kai farmaki", domin masu sauraronmu na tsallaken iyaka kamar yadda Hajiya ta nusar, kuma zan maimaita cikakken sunan sau ɗaya bayan hutun tsakiya. Na ɗauki kalmar a matsayin namiji, jam'inta "helikwaftoci". Na sa "garambawul" ga aikin masana'anta, "zamanantarwa" ga manufa. Su kuwa Marin na bar su da sunansu, tare da jimla ɗaya ta bayanin aikinsu. Da na sake karantawa da agogo, na samu rarar daƙiƙa arba'in.

Malamin Nahawu:
Tunda lokaci ya ƙure maka, ba zan hana ka ba, kuma na yarda cewa "farmaki" ta fi "hari". Sai dai ban janye "shirwar yaƙi" ba, kuma maganar jinsin "helikwafta" ba a warware ta ba, zaɓa kawai ka yi. Ka turo mana sautin idan an watsa, ina so in ji yadda za ka furta "helikwaftoci" sau goma sha biyar ba tare da harshenka ya sarƙe ba.