Neman kalma: me za mu ce wa "accessibility" da Hausa?

1/ Jama'a, ku taimaka mini da wata kalma da ta tsaya mini a wuya tun makon jiya: "accessibility", yadda masu gina shafukan intanet ke faɗinta, wato a gina shafi yadda makaho, kurma ko mai raunin hannu ma zai iya amfani da shi. Bari in fara da inda muka yi kiciɓis da ita.

2/ Wani ƙaramin kamfanin kula da bishiyoyi ne a Amurka ya ba ni aikin gyaran shafinsa, ina nan zaune a Kano. Sana'arsu datse rassa, sare bishiyar da ta mutu a tsaye, cire kututture, da zuwa cikin gaggawa in guguwa ta kayar da bishiya a kan rufin wani. Mai kamfanin ya ce yawancin masu kiransa dattawa ne masu gidan kansu, ido ya yi rauni, hannu na rawa. Ga kuma tsoron ƙara, don a can wasu kotuna sun ce dokar kare haƙƙin naƙasassu ta 1990 ta kai har kan shafukan kasuwanci. Wani makaho ya taɓa maka kamfanin abinci na Domino's a kotu saboda ya kasa sayen abinci ta shafinsu, kuma a 2019 Kotun Ƙolin ƙasar ta ƙi sauraron ƙorafin kamfanin.

3/ Da na buɗe shafin sai na ga kyau har kyau. Kore ko'ina, hoton ganye a baya, rubutu kore-kore a kansa. Ni mai ido biyu ma sai da na ƙanƙance su. Lambar wayarsu, wadda ita ce dalilin shafin gaba ɗaya, a cikin hoto aka zana ta. Na tura wa wani abokina makaho da ke amfani da TalkBack, manhajar da ke karanta wa mutum abin da ke fuskar wayar Android. Ya kira ni yana dariya, ya ce: "Malam, wayata ta ce hoto, hoto, hoto, sannan ta karanto wasu lambobi marasa kan gado. Itace suke sayarwa ko me?" Lambobin nan sunayen fayil ɗin hotunan ne. Babu wanda ya rubuta bayanin abin da ke cikinsu.

4/ To, na zo zan bayyana wa yaran da nake koya wa aiki abin da za mu yi, sai na ji bakina na cewa "za mu yi masa aksesibiliti". Kunya ta kama ni.

5/ Ga abin da na gwada. "Samun dama" ya yi faɗi, har neman aikin gwamnati ya shiga ciki. "Sauƙin amfani" kuwa wata kalmar ce daban a wurin masu sana'ar. Shafi kan yi sauƙi ga mai gani alhali makaho ko ƙofa bai samu ba. "Buɗaɗɗen shafi" za a ɗauka kyauta ake nufi. Wata malamar Hausa ta ba ni "sauƙaƙa wa masu buƙata ta musamman". Ma'anar ta fito, Malama, amma wa zai furta wannan sau ashirin a rana? Kuma akwai ƙamshin alfarma a jikinta, kamar ana yi wa mutum sadaka. Abokin nawa ma bai son wannan laƙabi. Ya ce shi makaho ne, buƙatarsa kuma irin ta kowa ce: ya samu lambar waya.

6/ Daga bakinsa kalmar ta fito, bai ma san ya yi ba. Da na tambaye shi ra'ayinsa a taƙaice, ya ce: "Shafin nan ba ya shiguwa."

Shiguwa. Na yi shiru ina juya ta. Ashe muna da wannan gini tun kaka da kakanni. Hanya ba ta biyuwa da damina. Tuwo ya kwana ba ya ciyuwa. Rubutun likita ba ya karantuwa. Magana ba ta faɗuwa a gaban surukai. Duk abin da Bature ke ɗaura wa wutsiya mai tsawo don ya ce "ana iya yi", mu wasali ɗaya muke sauyawa. Abin da ya fi burge ni shi ne inda kalmar ke ɗora laifi. In aka ce gida ba ya shiguwa, ba wanda zai kalli ƙafar baƙo. Dokin ƙofar za a kalla, a ce magini ya ɗaga shi da yawa. Dokar Najeriya ta hana nuna wa naƙasassu wariya, wadda Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, a kan gine-gine ta ɗora wa'adin shekara 5 na gyara, ba a kan masu keken guragu ba.

7/ Na gwada ta a kan ƙa'idojin WCAG na W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin shafukan intanet, waɗanda duk duniya ke auna shiguwar shafi da su. Na farko ya fito a 1999, na 2.2 a 2023. Ginshiƙansu huɗu ne, uku sun zauna daram. Abu ya ganu ko ya jiyu: bayani a bayan kowane hoto, rubutu a ƙasan bidiyo don kurame, bambancin launin rubutu da na bango ya kai 4.5 bisa 1. Ya sarrafu: wanda hannunsa ba ya riƙe linzamin kwamfuta ya cike fom da madannai kawai. Ya fahimtu. Na huɗun, wato shafi ya yi aiki da kowace irin manhajar karatu, shi ne bai shigu ba. Na bar shi a "ƙarko" kafin wani ya kawo wadda ta fi.

8/ Cikin masu ba ni amsa, wani Yaya daga Maraɗi ya yi gyara mai kyau: a rubuce, harafi ɗaya ne tsakanin shiguwa da shigowa, mai gaggawa zai ɗauka kuskuren bugu ne. Gaskiyarka, Yaya. Shi ya sa a kan take ko farkon ambato zan riƙa rubuta "shiguwa ga kowa", daga nan in ci gaba da "shiguwa" kawai. Wani kuma ya ce shiga kaɗai ba ta isa ba, ya fi son "moruwa". Ina son kalmar ƙwarai, amma ita ce daidai da wancan sauƙin amfanin da na ajiye a gefe. Mu raba musu gado: shiguwa nan, moruwa can.

9/ Jiya muka gama gyaran. Rubutu baƙi a kan fari, koren ya koma gefe. Hoton farko yanzu yana cewa: ma'aikaci ɗaure da igiya yana datse reshen da ya rufa kan wayar lantarki. Lambar waya ta zama rubutu mai dannuwa. Na sake tura wa abokina da ƙarfe 9 na safe. Wayarsa ta karanto lambar tiryan-tiryan, shi kuma don ya tabbatar, ya danna. Ƙarfe 3 na dare ne a can, kuma mai kamfanin ya ɗauka da muryar barci yana tambayar a kan wane gida bishiyar ta faɗi.