Neman shawara: in bar Tawa in tafi Yamai aikin horar da ƙwallo?

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Shekaruna 31. Na buga ƙwallo har gwiwa ta tsayar da ni. Shekara huɗu ke nan ina horar da yaran unguwarmu a filin bayan lakkol, bayan la'asar, da ƙwallo biyu, ɗaya ma ɗinkakkiya ce, duwatsu ne ragarmu. Da safe kabu-kabu nake yi. Yanzu wata ƙungiya a Yamai ta ce in zo in zama mataimakin mai horarwa, amma ba takarda, magana ce ta baki. Ina da mata da yara biyu, ga tsohuwa a gida. Wallahi raina na son aikin nan. In tafi?

Baban Nana: Wa alaikumus salam ƙanena. Kana da lasisin horarwa? Na CAF, hukumar ƙwallon Afirka, matakai ne, D, C, B, A, kuma ta hannun FENIFOOT, hukumar ƙwallon Nijar, ake shiga horon. In ba ka da ko na farko, duk ranar da mai takarda ya zo, kai za a ce ka matsa. Je wajen masu kula da ƙwallo na jiha ka tambayi lokacin da za a buɗe.

Tsohon Gola: Ɗana, zauna ka ji. Ina cikin filin Seyni Kountché a 2010 ranar da ɗan wasanmu Maazou ya ci Masar, muka fita muryoyinmu a dishe. Harouna Doula ne ya kai Mena, ƙungiyar ƙasarmu, gasar kofin Afirka karo na farko, CAF ta ba shi gwarzon mai horarwa na 2011. Da aka je gasar a 2012, wasa ɗaya Gabon ta ci mu, aka miƙa ragamar ga Bafaranshe Courbis. Har yau abin na yi mini ciwo. Wanda ya yi wannan aiki ke nan aka ture, balle kai da ba ka da ko sa hannu. Ban hana ka ba, amma kada ka sayar da babur.

Maman Sultan: Ni dai tambayata, ka yi shawara da maiɗakinka? Haya a Yamai ba irin ta Tawa ba ce. Su faɗi albashi, su rubuta, su ce wa zai biya ɗaki.

Abdu na Wadata: Yaya, kada ka raina yaran nan. Ƴan ƙasa da shekara 17 ɗinmu sun je kofin duniya a Indiya a 2017, har suka wuce zagayen farko. Daga irin filinka ake tsinto su.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka. Baba Gola, babur yana nan. Gobe zan kira su in nemi takarda, in sun ƙi na zauna in nemi lasisin D. Wanda ya san kuɗin rajista ya taimaka ya faɗa mini.