"Da yayyafi kogi kan cika": ta mai tarawa ce kaɗai, ko har da mai ɓararwa?

Malamin makaranta, Zariya:
Assalamu alaikum jama'a. Karin maganar da na kawo mana yau ita ce "Da yayyafi kogi kan cika." Mun saba jin ana faɗa wa mai tara abu don a ƙarfafa masa gwiwa, kamar almajirin da ke haddace aya biyu a rana, ko mai jefa canji a asusu. Tambayata ita ce, za a iya juya ta a faɗa wa mai kashe kuɗi? Ina nufin 'yan sayayyar nan da ba ma sa su a lissafi: lemon kwalba bayan cin abinci, tsire a hanyar komawa gida, data da ake ƙara saya tun wata bai raba ba, biskit da alawar yara duk sanda suka ga kanti a buɗe. A ce naira 500 ce kacal ke fita ta wannan hanya kullum. A wata ta zama 15,000, a shekara 182,500. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne, kun ga abin da ya zube ya haura albashin wata biyu da rabi. A ganina wannan ma yayyafi ne, sai dai kogin wani yake cikawa. Me kuka gani?

Dattijo, Haɗeja:
Wa alaikumus salam Malam. Lissafinka daidai ne, amma ban yarda da inda ka ajiye maganar ba. Kowace karin magana da muhallinta. Wannan ta albishir ce, ana faɗa wa wanda ya raina ƙoƙarinsa don kada ya karaya. Ban taɓa jin iyayenmu sun tsawata wa maɓarnaci da ita ba. In gargaɗi kake so, akwai "Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido", akwai kuma "Kwaɗayi mabuɗin wahala." In muka riƙa jan kowace magana zuwa inda muka ga dama, yaran da ke tasowa ba za su san wace ake faɗa a wane wuri ba.

Malamin makaranta, Zariya:
Baba, na karɓi gyara a kan asalinta. Sai dai ɗan haki abu ɗaya ne da ya same ka sau ɗaya. Abin da nake so a ji shi ne maimaituwar, yau kaɗan gobe kaɗan, kuma yayyafi ne kaɗai ke ɗauke da wannan ma'anar.

Uwargida, Kano:
Ni kam ko wacce aka zaɓa, ina da ƙorafi a kan yadda maza ke amfani da ita. Duk ranar da maigida ya ji wa'azin tsimi da tanadi, inda zai fara shi ne kuɗin cefane. A rage magi, a rage manja, me ya sa omo ya ƙare da wuri. Alhali matar nan ta riga ta matse iya matsewa: ta mayar da wankin yara sau biyu a mako, ta busar da tumatir da tattasai lokacin da suke araha, ta koma gawayi da gas ya yi tsada, tuwon da ya kwana ta ɗumama shi da safe. Shi kuwa ya sha shayi da ƙwai a teburin mai shayi, da rana ya saya wa abokan majalisa lemo, da dare ya tsaya wurin mai balangu ya ci a tsaye, ya goge baki ya shigo gida yana tambayar inda aka kai sukarin jiya. Malam, naira 500 ɗin nan taka, a gidaje da yawa daga aljihun wando take zuba, ba daga tukunya ba. In za a yi maganar yayyafi, a fara duba rufin da ke yoyo.

Tela, Katsina:
Hajiya ta faɗi gaskiya, amma ba duka ba. Ni ne ke ɗinka wa mata ankon biki. Biki ɗaya sai a fitar da kala biyu ko uku, na kamu daban, na yini daban, kuma atamfar da aka sa sau ɗaya ta shiga akwati ke nan. Akwai wadda za ta kawo mini ɗinki ta ce in yi haƙuri da kuɗin sai ta ɗauki adashi. To adashin da aka yi wata da watanni ana zubawa, a kan kayan yini ɗaya zai ƙare? Kowa ya daka rawar wani ya rasa turmin daka tasa.

Uwargida, Kano:
Ban musa ba ɗan'uwa. Anko da kayan da ake tallatawa a WhatsApp suna cin kuɗinmu, musamman in an ce biya kaɗan-kaɗan. Amma anko na zuwa ne jefi-jefi, kuma kowa na ganinsa, shi ya sa ake yi mana gori da shi. Na maza kullum ne, kuma ba mai gani.

Mai kanti, Gusau:
Ku bari in faɗi abin da nake gani daga bayan kanta, don ni ne kogin da Malam ke cewa ana cikawa.

Masu sayayya a wurina iri biyu ne, kuma kuskure ne a haɗa su a magana ɗaya. Akwai mai albashi ko ɗan kasuwa da zai tsaya da mashin ya ce a ba shi lemo mai sanyi da biskit, ya ƙara da katin waya, bai ma tambayi farashi ba. Wannan in ya daina, ya samu rara. Sai kuma gidan da yarinya za ta zo mini sau uku a yini. Da safe ta zo da kuɗi a dunƙule a tafin hannu, ta sayi sukari ƙulli ɗaya da madarar leda ɗaya. Da azahar ta dawo sayen magi biyu da man gyaɗa na ƙulli. Da yamma omo ƙaramin leda. Ba abin da ta saya na kwalam da maƙulashe, duk na dole ne. Amma in ka tara abin da gidan ya biya a wata, ya fi na wanda ya je kasuwar Singa a Kano ko babbar kasuwar garinmu ya sayo kwali ko gwangwani guda, don kowane ƙulli da ribata a ciki da kuɗin leda. Uban yarinyar ya san haka sarai. Abin da ya samo a yinin ne bai kai na gwangwani ba.

Saboda haka in aka ce wa irin wannan mutum ya rage sayayyar banza, an zalunce shi da magana. Abin da na ga yana taimaka musu shi ne haɗa kai: gida uku ko huɗu su haɗa kuɗi su sayi kwalin taliya ko galan ɗin mai su raba. Wasu matan unguwarmu sun mayar da adashinsu na kaya maimakon kuɗi, wadda ta ɗauka a ba ta sabulu da omo da magi na wata guda. Cinikina ya ɗan ragu ta wannan gefen, amma bashin da nake bin mutane ma ya ragu.

Abu ɗaya kuma, kada tsimi ya kai mutum ga sayen kowane abu mai araha. Araha ba ta ado. Silifa ko cajar waya ko ƙwan fitilar da za ka saya sau uku a shekara sun fi mai kyau guda ɗaya tsada.

Ɗalibar jami'a, Sakkwato:
Ina neman afuwar iyayena a nan, amma ni ina ganin zamani ya ci rabin wannan karin maganar. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da aka ce tallafin mai ya tafi, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. A tsakiyar 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ya wuce kashi 40 cikin 100. Wanda ya hana kansa lemo ya jefa kuɗin a asusu a farkon shekara, ranar da ya fasa ya tarar ba sa sayen abin da za su saya a da. Ga abin da ya faru lokacin canjin takardun 200 da 500 da 1,000 a farkon 2023, inda mata suka yi ta fasa asusu ba shiri suna bin layin banki. Data kuma da Malam ya sa a jerin sayayyar banza, da ita muke karatu da neman aiki, kuma a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin farashi na kashi 50 cikin 100. Yayyafi na sauka, rana na shanye shi, yaushe kogin zai cika?

Ɗan kasuwa, Maraɗi:
'Yata, a wajenmu da ɗan bambanci. Sefa a ɗaure take da Yuro, don haka wanda ya ajiye jaka goma ba ya tashi ya ga ta narke kamar naira. Amma mu ma da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023 mun ga yadda shinkafa da sauran kaya suka tashi. Shi ya sa mutanen ƙauye har gobe ba sa ajiyar takarda. In sun samu rara sai su sayi akuya ko tunkiya, ko su zuba gero a rumbu.

Dattijo, Haɗeja:
Jikata, tambayarki ta fi ta kowa nauyi, kuma mu mutanen bakin kogi muna da amsarta. Yayyafin da ya sauka a kan yashi ba ya zuwa ko'ina. Kogin Haɗeja ba da ruwan ƙofar gidana yake cika ba, ruwan kogin Kano ne da na Challawa suke haɗuwa su gangaro mana, kowanne ya biyo hanyarsa. Abin da ke sa a ga ruwa da rani kuma madatsun Tiga da Challawa ne da ke riƙe shi. Karin maganar ba ta ce kowane yayyafi na cika kogi ba. Sai wanda ya samu magudana da wurin taruwa.

Haka kuɗin da aka hana kai. In ka fasa shan lemo ka bar kuɗin a aljihu, kafin magariba sun tafi a goro ko cingam ɗin yara. Tsugunne ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Dole a fitar da su daga hannu a ranar, a kai wa uwar adashi, ko a mayar da su abin da ba ya narkewa. Da kaka hatsi ya fi sauƙi, masu zuwa kasuwar hatsi ta Dawanau a Kano sun san haka. Wanda ya tara kuɗin tsirensa na wata uku ya sayi tiya goma ta gero ko wake a lokacin, ya ci ribar haƙurinsa a damina. Ban ce wannan zai magance tsadar da gwamnati ta jawo ba, wannan maganar daban ce kuma da gaskiyarki a cikinta.

Malamar Islamiyya, Bauci:
Ina so in ja hankalinmu kada a fake da tanadi a shiga rowa. A Suratul Isra'i aya ta 29 an hana mutum ƙuƙunce hannunsa a wuya, an kuma hana shi shimfiɗa shi gaba ɗaya. A Suratul Furƙan aya ta 67 an yabi bayin Allah da cewa ba sa almubazzaranci kuma ba sa ƙwauro, suna tsakiya. Ciyar da iyali wajibi ne a kan maigida, ba ya cikin abin da ake yankewa. Naman da zai ci shi kaɗai a bakin titi, in ya ƙunso shi ya kawo gida aka sa a miya, kuɗin ɗaya ne amma mutum takwas sun ci. Tsarabar da uba ke riƙo wa yara lokaci-lokaci, da ɗan abin da ake miƙa wa maƙwabci ko almajiri, ni ba na kiran su sayayyar banza.

Malamin makaranta, Zariya:
Malama, na gode. Akwai wani yoyon da ba mu ambata ba: kuɗin da mai POS ke cira duk sanda aka ciri kuɗi. Mai cirar dubu biyu sau biyar a mako ya fi mai cirar dubu goma sau ɗaya biya. Baba, yanzu da ka kawo zancen magudana, ashe ka yarda a faɗa wa mai kashe kuɗi ke nan?

Dattijo, Haɗeja:
A'a Malam, ina nan a kan bakata. Zan faɗa masa ita ranar da ya fara tarawa. Kafin nan ɗan haki ne nasa.

Uwargida, Kano:
To ni ga shawarata ga mazan da ke nan. Kowa ya samu takarda ya rubuta duk abin da ya saya a waje na mako ɗaya, har ruwan leda, matarsa ma ta rubuta nata na cefane da na dillaliya. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci a ajiye takardun biyu a kan tabarma a duba tare. Wa zai fara?

Tela, Katsina:
Ni zan fara Hajiya, amma da sharaɗin ankon biki mai zuwa ya shiga takardar.