Kalmar "jeong" ta 'yan Koriya, da me za mu kira ta da Hausa?

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kallon diramar Koriya, na zo da wata magana da ta daɗe tana cin raina, don Allah ku zauna mu warware ta yau.

Akwai wata kalma da ke yawan fitowa a finafinan nan nasu na iyali da rasuwa, masu sa mutum ya jiƙa filo da hawaye cikin dare. Suna rubuta ta jeong, amma a kunne kamar "jong" take fita. Jiya ina kallon wani da aka yi wa fassarar Hausa, wata tsohuwa tana magana a kan mijinta da suka shekara arba'in suna faɗa, da kunnena na ji ta ce jeong, sai mai fassara ya ce wai "soyayya ce ta riƙe ni". Wallahi sai da na tsayar da fim ɗin. Matar nan fa ba soyayya ta ce ba, suna da kalmarsu daban ta soyayya, sarang, duk mai kallo ya santa saboda saranghe, wato "ina son ki" ko "ina son ka", da ake ta faɗa. Ban ga laifin mai fassarar sosai ba, daga rubutun Turanci na ƙasan allo yake ɗauka, su ma Turawan kame-kame suke yi da ita.

To bari in faɗi abin da na fahimta. Asalin kalmar daga harafin Sinanci ne, amma 'yan Koriya sun mayar da ita tasu. Abu ne da ke taruwa tsakanin mutane saboda daɗewar zama tare, cin abinci a kwano ɗaya, shan wahala tare, ba ka zaɓa ba, ba ka ma san lokacin da ya shige ka ba. Shi ya sa suke cewa jeong deulda, wato ya shiga, kamar yadda rini ke shiga zane. Kuma ba sai mutum ba, ana yi da unguwa, da tsohon gida, da karen gida, har da tsohuwar tukunya.

Duk wanda ya kalli Reply 1988, wanda tashar tvN ta fara nunawa a 2015, ya ga abin da idonsa tun kashi na farko. Gidaje biyar a layi ɗaya a unguwar Ssangmun-dong ta birnin Seoul, lokacin abincin dare ya yi, kowace uwa ta ɗora wa ɗanta kwano ya kai makwabta, can ma a zubo wani abu a dawo da kwanon, yara suna ta karo da juna a tsakar layi suna ƙunƙuni, shi kuma mutumin da matarsa ta rasu ya bar shi da ɗa ɗaya, teburinsu da ba wani abin kirki a kai sai ga shi ya cika. Ni da na ga wurin nan ban ga Koriya ba, gidanmu na gani da azumi, ana kiran magariba Inna na ƙwala mana kira mu zo mu kai ciyayya. Har gyara suna da ita, deom suke ce mata, ɗan ƙarin da mai kayan miya ke yi wa wanda ya saba saye a wurinta, kuma su ma jeong suke kiran abin da ya sa ta ƙara. Suna ma da wata magana cewa in ka zuba wa mutum sau ɗaya kacal babu jeong, sai ka ƙara na biyu. Kai ka ce wata gwaggo ce a Zariya.

Da na fara tambaya a cikin ƙawaye, amsar farko ƙauna ce. Ban yarda ba. Ƙauna tana da tsabta da yawa, ba ka ƙaunar wanda ganinsa ke ɓata maka rai. Zumunci kuma aiki ne da ake yi, a ƙafa yake kamar yadda aka ce, kuma ya fi karkata ga dangi. Tausayi yana gangarowa ne daga mai hali zuwa ga wanda ke cikin wani hali, shi ko wannan tsakanin tsara ma yana nan. Wata yayata ta ce kara, na ɗan yi shiru don akwai ƙamshin gaskiya, mutum ya kasa juya wa wani baya saboda abin da ke tsakani, amma kara kana iya yi wa baƙon da yau ka fara gani.

Saura biyu suka rage min, sabo da shaƙuwa, kuma a nan ne kaina ya ɗaure kwana biyu.

Sabo yana da ƙarfi ƙwarai. Mu ne muka ce sabo ake yi wa kuka, kuma rabin hawayen da ake zubarwa a diramomin nan wannan ne, takalmin mamaci a bakin ƙofa, kwanon shinkafarsa da aka manta aka jera. Mu ne kuma muka ce sabo turken wawa, su ma in mace ta ƙi barin gidan da take shan wahala cewa take saboda jeong ne. Matsalata da sabo ita ce ya yi faɗi, ana sabawa da zafin rana, ana sabawa da rashin wuta, ana sabawa da shan shayi ba sukari, babu zuciya a ciki dole. Shaƙuwa kuwa ba a yinta sai da zuciya. Ba wanda zai ce ya shaƙu da cunkoson motoci. Kuma ku saurari kalmar kanta, abu ya shaƙe ya cika har ba wurin saka wani, ni haka nake jinta. Don haka ni dai na tsaya a kan shaƙuwa, sabo shi ne hanyar da ake bi a kai gare ta.

Inda na fi son mu yi aiki shi ne rassanta guda biyu, domin 'yan Koriya suna cewa miun jeong da goun jeong, na ƙi da na daɗi, wai sai an haɗa duka biyun zama ya nuna. Na daɗin ba wuya, shaƙuwar daɗi ko ta ƙauna. Na ƙin ne abin nema, kuma ni na san shi tun kafin in san akwai wata ƙasa Koriya. Kakata da kishiyarta sun fi shekara talatin ba a kwana uku ba a ji kansu ba, a kan murhu, a kan igiyar shanya, a kan jikoki. Ranar da kishiyar ta rasu kakata ce ta zauna a ƙofar ɗakin ta ƙi tashi, ta ƙi cin abinci, tana cewa yanzu da wa zan yi. Mutane suna ta mamaki, har wasu na cewa na ganin ido ne, wallahi ba na ganin ido ba ne, bayan nan ba ta ƙara walwala kamar da ba har ita ma ta bi ta. In aka ce min soyayya ce tsakaninsu zan ce a'a, in aka ce ƙiyayya zan ce a'a. Abin da na samo shi ne shaƙuwar 'yar tsama. Ya ɗan yi tsawo na sani, mai fassara da ke bin bakin ɗan wasa zai iya cewa shaƙuwar tsama kawai. Wata ƙanwata 'yar Damagaram ta kawo shaƙuwar harshe da haƙori, ya burge ni sosai amma ya fi dacewa da rubutu.

Sai na ƙarshe, wanda ya fi karya min zuciya. Suna cewa jeong tteda, cire shi da gangan. Shi ne abin da za ka ga uwa ta gano ciwonta ba na tashi ba ne sai ta fara yi wa 'yarta tsawa, tana korarta, tana ƙin cin abin da ta dafa, mai kallo na jin haushi, ashe so take in ta tafi yarinyar kada ta sha wahala sosai. Wannan ban sha wuyar nemansa ba, yaye ne. Uwa tana shafa maɗaci a nono ba don ta tsani ɗanta ba. Yayen shaƙuwa, ko a ce tana yaye ta daga jikinta, duk Bahaushiyar da ta taɓa goyo za ta gane ba sai an yi mata bayani ba.

Masu fassara in kuna nan, don girman Allah in kun ji jong a bakin tsohuwa ku ce shaƙuwa, ku bar soyayya wa saurayi da budurwa a ƙarƙashin lema. 'Yan uwa na Sakkwato da Katsina da Maraɗi, in akwai wata tsohuwar kalma a bakin kakanninku da ta fi shaƙuwar tsama zama daidai ku kawo ta, a shirye nake in sauke tawa.